ƘWALLON KURKET A BAKIN RUWAN YAURI

Akwai wani faffaɗan katako da na taso na tarar a bayan ƙofar ɗakin kakana a Yelwa, wanda mu yara muka ɗauka muciya ce ta lalace. Ranar da na ɗauko shi zan tuƙa tuwon ƙasa, sai tsohon ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Ke jikalle, ajiye min sandar kurket ɗina, ta girmi ubanki." Daga ranar na fara jin tarihin wannan wasa.

Shi dai kurket wasan mutanen Ingila ne. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, wani ya jefo ƙwallo mai tauri don ya kayar da su, mai riƙe da katako kuma ya tare ya make ta, sannan ya yi ta gudu yana tara maki kafin a tsinto. Turawan mulki ne suka zo da shi, har an buga tsakanin Legas da ƙasar da yanzu ake kira Gana tun 1904.

A nan Arewa kuwa ta ƙofar makaranta ya shigo. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zauna a Zariya, ita ce Barewa ta yau. A can ne Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, ya kuma shahara wajen son kurket da ƙwallon bango, wanda ake bugawa da tafin hannu. Ɗaliban kwalejin nan malanta aka koya musu, saboda haka da suka watsu cikin larduna sai suka tafi da wasan. Yauri tana Lardin Sakkwato a lokacin, to yaron da ya yi ƙoƙari a elemantare sai a tura shi Midil ta Sakkwato. Can kakana ya samo sandarsa.

Da ya dawo ya kama koyarwa, ba shi da kuɗin ƙwallon Bature. Ya ce ƙwallon goruba suke naɗewa da tsumma, su kakkafa karan dawa uku a fili. Yaran Gungawa, waɗanda hannunsu ya saba da tuƙin kwalekwale, su suka fi kowa iya duka. Sai ga aikin madatsar ruwa ta Kainji, wanda aka gama a 1968. Ruwa ya taso ya cinye tsohuwar Busa da gungu-gungu masu yawa, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Allah Sarki, filin da ya koyar da yaran yanzu kifi ne ke yawo a kansa. Bayan nan ƙwallon ƙafa ya zo ya mamaye ko'ina daga Ngaski har Shanga, domin kuwa shi ba ya bukatar komai sai tsumma da fili.

Sai dai akwai tambayar da na yi masa wadda ta sa ya yi shiru. Na ce, "Kaka, 'yan mata fa?" Ya ce ai su suna bakin fili da farantin ƙosai a ka. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don ni ma a firamare share aji da ɗebo ruwa aka bar mana, maza na can suna guje-guje.

To ku ji ikon Allah. A watan Janairun 2025, a ƙasar Malesiya, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar kurket ta duniya da ratar maki 2 kacal. Waɗannan ma 'ya'yan wasu ne.

Na san tsoron da ke zukatanmu. Ba mu manta da watan Yunin 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan sai a 2023 suka ga iyayensu. Uwar da ta ji ƙirjinta na bugawa in 'yarta ta saɓa jaka ba ta yi laifi ba. Amma idan muka kulle su a ɗaka, mun ba azzalumai abin da suke nema ke nan. Mu matsa wa hukuma ta tsare makarantu, mu kuma mu tura yaran.

'Yar'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In 'yarki ta dawo da ƙura a siket ta ce wasa aka yi, ki bar tsawa, ki tambaye ta wa ya ci. Ni dai sandar Kaka, Allah Ya jiƙansa, na ba 'yata ta fari, jiya ma ta fasa min tulu da ita.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya, amin.