Azurfar Tsofaffi: Ado Ce Ko Ajiya?

 Wannan karon na ajiye labarin soyayya gefe guda, don in yi magana a kan wata tsohuwar dukiya da ke kwance a ƙasan adakar tsofaffinmu, ƙulle cikin tsumma, har ta yi baƙi don daɗewa, wato azurfa. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, a 'yan shekarun nan da wahala ta yi wa ƙasarmu ta Sheme da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa katutu, mata da yawa sun kwance ƙullin nan sun miƙa wa dillaliya, aka ba su abin da bai taka kara ya karya ba, suka karɓa har da godiya, don ba su san abin da ke hannunsu ba. To kafin mu kai ga maganar ciniki, bari mu fara da asali.

An san ƙasar Hausa da tama, an san Zamfara da zinariya, amma ba a san mu da haƙar azurfa ba. Yawancin wadda kakanninmu suka yi ado da ita a matsayin kuɗi ta shigo mana, a bayan raƙuman fataken da ke ƙetaro sahara daga Tarabulus zuwa Katsina da Kano. Wanda ya fi shahara cikin kuɗin nan shi ne liyari, wani faffaɗan kuɗi mai nauyi, gefe ɗaya hoton wata mace mai jiki, ɗaya gefen kuma mikiya mai kai biyu. Matar nan ita ce Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Abin mamaki, rasuwarta ba ta hana a ci gaba da buga kuɗin ba, kuma duk wanda aka buga bayan nan sai a rubuta masa 1780 ɗin dai, saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu sun saba da shi haka, in aka canza ko ɗigo ba za su karɓa ba. Har Rum da Landan da Faris da Bombai sun buga shi a ƙarni na ashirin. Saboda haka in kin ga 1780 a jikin na kakarki, kada ki ɗauka lallai shekarunsa ke nan, yana iya yiwuwa kakar taki ma ta girme shi.

Me ya sa aka yarda da shi haka? Don ba ya canza hali. Kowane liyari na gaskiya nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗigo, kashi biyar cikin shida azurfa ce tsantsa, wato wajen giram 23, sauran kuwa jan ƙarfe ne da aka haɗa don ya yi ƙwari. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Ki duba fa, abin da za ki damƙe a tafin hannu, in wuri ne sai an zauna an yi ta ƙirga. Daga baya wuri ya yi ta yawa a ƙasa yana zubar da daraja, liyari kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa duk mai wayo da ya tara wuri sai ya mayar da shi azurfa.

Da Turawa suka ci Kano da Katsina a 1903 sai suka shigo da nasu kuɗin. A 1912 suka kafa hukumar kuɗin ƙasashensu na Afirka ta Yamma, a 1913 aka fara fito da taro da sisi da sule da fataka, dukansu na azurfa mai kyau, kashi 925 cikin 1,000, wato sun ma fi liyari tsabta. Fatakar nan, sule biyu, ita ce wasu ke kira dala, kuma har gobe in kin je Maraɗi za ki ji suna lissafin kuɗinsu da dala. Sai dai abin bai daɗe ba. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, har ta kai ƙarfen da ke jikin sule yana neman ya fi sulen kansa daraja, sai a 1920 aka daina yi mana kuɗin azurfa, aka koma buga su da wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Tsofaffin sulallan nan farare sai suka ɓace daga kasuwa, suka shige tukwane da maƙera. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuɗin auduga da gyaɗa suka shigo ƙauyukanmu, manomin da kaka ta yi wa kyau yakan nemi tsohon kuɗin azurfa ya kai wa maƙeri a yi wa uwargida ko 'yar da za a aurar abin hannu.

Maƙeran fari su ne masu wannan aiki, ba maƙeran baƙi masu fartanya da gatari ba. Maƙeri zai zuba kuɗin a ɗan kaskon yumɓu, ya nutsa shi cikin garwashin gawayi, yaro na gefe yana ta aikin zuga-zugi, har kuɗin ya narke ya zama ruwa mai walƙiya. Sai ya ɗauko da awartaki ya tsiyaye cikin wani ɗan kwari mai tsawon yatsa, in ta huce sai ga 'yar sandar azurfa. Ita ce zai yi ta bugu a kan uwar maƙera, yana mayarwa wuta, har ya fitar da munduwa ko awarwaro ko zobe ko 'yan kunne. Wasu ma ba sa bari a ƙera komai, 'yar sandar suke karɓa su ajiye. Matan Fulani kuwa sukan sa a huda kuɗin ko a yi masa kunne su jera a kitso.

Kakata ta wajen uwa tana da mundaye biyu irin waɗannan, kuma ba ta taɓa kiran su da nauyi ba, cewa take kowace liyari huɗu ce. A bakinta na fara fahimtar cewa matan da ba don kwalliya kaɗai suke sa azurfa ba. Saniya ta maigida ce, rumbu na gida ne, amma abin da ke hannun mace nata ne ita kaɗai. In aure ya mutu da shi take fita, in fari ya zo shi ake kaiwa kasuwa a auno hatsi, in an sami sauƙi a sake sayen wani. Shi ne bankinta, kuma ba mai rufe mata shi da azahar.

Tarihin kuɗin takarda ya nuna tsofaffin nan ba su yi wauta ba. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira, sule ya zama kwabo goma. Yau me kwabo goma zai saya miki? Amma sulen 1913 da ke cikin tsumma har yanzu akwai azurfa giram biyar a jikinsa. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta canza launin kuɗi, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu cikakku ba, mutanen ƙauye da yawa suka wayi gari da takardun da ba sa sayen ko gishiri. A farkon 2023 ma mun ga yadda canjin kuɗi ya sa mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. A ƙarshen Agusta 2021 kuma, saboda ɓarnar 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. A lokacin, wanda dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu, in ma ɓarayi sun bar masa, ba inda zai sayar. Wadda aka tayar daga ƙauyensu cikin dare ba ta iya ɗaukar rumbu a ka, amma ƙullin azurfa yana shiga lalita.

Duk da haka kada a ce na ce azurfa ba ta faɗuwa. A kasuwar duniya da oza ake auna ta, oza ɗaya giram 31 ce, kuma da dalar Amurka ake yi mata kuɗi. A watan Janairu na 1980, wasu attajirai 'yan gida ɗaya a Amurka da ake kira Hunt suka yi ta saye suna ɓoyewa har oza ta kusa dala 50, amma kafin ƙarshen Maris ta rikito zuwa wajen dala 11. Munduwar kakata mai liyari huɗu tana ɗauke da azurfa tsantsa kamar oza uku, ke nan a wata biyu ta sauko daga kusan dala 150 zuwa talatin da 'yan kai, alhali ko motsi ba ta yi daga cikin adaka ba. Sai a 2011 farashin ya sake leƙa wurin, a watan Oktoba na 2025 kuma ya haura hamsin ɗin. Wadda ta saya don ta ci riba gobe da safe tana iya yin kuka. Azurfa ta mai haƙuri ce.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ranar saye za ki biya kuɗin ƙarfe da ladan ƙira, ranar sayarwa kuwa mai saye ba ruwansa da zanen da maƙeri ya yi, sikeli kawai zai ɗora. Sannan zai tambayi kansa, nawa ce azurfar gaske a ciki? Liyarin da ba a taɓa ba shaidarsa na jikinsa, kowa ya san nauyinsa da tsabtarsa. Amma da zarar an narka shi shaida ta tafi, sai amanar maƙeri, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai mai ƙara jan ƙarfe a kasko ya rage na mutane. Don haka mai saye yakan yi wa sandar gida da munduwa kuɗi kamar ya tabbata an yi algus, ya rage abin da zai rage. Ko a Amurka, inda a yau wasu ke narka azurfa a gida suna zuba 'yan sanduna suna buga musu hatimi da lamba 999 don masu sha'awar tarawa, in aka kai wa ɗan kasuwa nauyin yake biya, ba kyan zubin ba. Shawarata ita ce, in kin gaji liyari ko sule lafiyayye, kada ki yarda a narka.

In kuwa larura ta kama sai an sayar, ai don irin ranar aka ajiye, babu abin kunya. Amma kada ki yarda da cinikin ido. A auna a gabanki ki ji giram nawa ne, ki sa ɗanki ko ƙanenki ya tambayo farashin giram a Funtuwa ko a Kasuwar Kurmi ta Kano, a ji bakin mutum biyu ko uku. Kada baƙin da ta yi ya sa a raina miki ita, azurfar gaske ce ke yin haka in ta sha iska, in an goge take dawowa fes. Mayen ƙarfe ba ya kama ta, duk abin da ya manne masa ba ita ba ce, sai dai wanda bai manne ba ma yana iya zama farin ƙarfe, har liyarin ma akwai jabu, shi ya sa sikeli ya fi ido. Kuma ki kama bakinki, zamanin nan ba na nuna abin hannu ba ne.

Akwai kuma haƙƙin Allah. Malamanmu na Malikiyya sun ce abin adon da mace ke sawa babu zakka a kansa, amma wanda aka ajiye a matsayin dukiya, in ya kai nisabi, wato dirhami 200, kimanin giram 595, wajen liyari 26 ke nan, ya kuma shekara, to ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Haka nan ba a musanya azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. Mai irin wannan ajiya ta tuntuɓi malami.

Iyayenmu ba su yi boko ba, amma sun san don tuwon gobe ake wanke tukunya. Mu da muka iya karatu da lissafi bai kamata a karɓe mana gadonsu a kan kuɗin atamfa ɗaya ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, amin summa amin.

Taku har kullum, daga garin Sheme.