Yves Montand: mawaƙin da ya je Mosko jinin Budapest bai bushe ba

Tun da Rasha ta afka wa Yukren a 2022 ake ta ja-in-ja a Turai kan mawaƙa da 'yan wasan da ke ci gaba da hawa dandali a Mosko. Wasu na cewa waƙa ba ruwanta da yaƙi, wasu na cewa zuwan kansa goyon baya ne. Faransawa sun taɓa yin wannan muhawara da zafi a ƙarshen 1956, a kan mutum ɗaya, Yves Montand.

Sunansa na yanka Ivo Livi. An haife shi ranar 13 ga Oktoba 1921 a Monsummano ta ƙasar Italiya. Mahaifinsa, mai sana'ar haɗa tsintsiya kuma ɗan gurguzu na gani-kashe-ni, ya kwashe iyalinsa zuwa Marseille don tsira daga magoya bayan Mussolini. Yaron ya yi aiki a shagon gyaran gashi na yayarsa, ya yi ƙwadago a tashar jiragen ruwa, kafin Edith Piaf ta ja shi a jiki a Paris a 1944. Waƙar Les Feuilles mortes ta fito da shi, fim ɗin Le Salaire de la peur na 1953 kuma, inda ya fito a direban da ke jan motar da aka maƙare da sinadari mai fashewa, ya kai sunansa duniya. Shi da matarsa, jaruma Simone Signoret, ba su taɓa yankar katin jam'iyyar gurguzu ba, amma kowa ya san inda zuciyarsu take.

An riga an ƙulla yarjejeniyar rangadinsa a Tarayyar Sobiyet lokacin da tankokin yaƙinta suka shiga Budapest ranar 4 ga Nuwamba 1956, suka murƙushe boren 'yan Hungari. Dubbai suka mutu, kimanin mutum 200,000 suka tsallake iyaka. A Paris, fusatattu suka far wa hedikwatar jam'iyyar gurguzu da ofishin jaridarta, L'Humanité. Montand ya shiga tsaka mai wuya: in ya je, a ce ya goyi bayan kisa, in ya fasa, 'yan gidansu su ce ya sayar da talakawa. Ya yi ta wasi-wasi na makonni, a watan Disamba kuma ya hau jirgi tare da matarsa.

A nan labari ya rabu biyu. Masu kare shi suna kafa hujja da liyafar da aka yi bayan wani wasansa a Mosko, inda ya zauna da Nikita Khrushchev da manyan muƙarrabansa irin su Bulganin da Mikoyan da Molotov. An ce ma'auratan sun shafe sa'o'i suna gaya wa shugaban gaskiya ido da ido kan abin da aka yi wa Hungari, shi kuma yana nanata cewa 'yan fashisanci ne sojojinsa suka daƙile. Masu suka kuwa cewa suke yi duk wannan magana ce ta cikin ɗaki.

Hujjar masu suka ta fi nauyi. Ba a musun an yi zaman, ba a kuma raina ƙarfin halin mutumin da zai ja da Khrushchev a teburinsa. Sai dai galibin abin da aka sani game da wannan dare daga bakin ma'auratan ya fito, musamman littafin tarihin rayuwar Signoret na 1976. Talakan Mosko da na Budapest ba su ji ko kalma ɗaya daga ciki ba. Abin da suka gani shi ne dandali cike maƙil, da tafi, da fim ɗin da gwamnatin Sobiyet ta shirya kan rangadin, a daidai lokacin da take neman duk wanda zai nuna wa duniya cewa ba a juya mata baya ba. Montand ya ba ta abin da take so. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a Yunin 1958, aka rataye Imre Nagy, firaministan da ya jagoranci gwamnatin boren.

Abin da ya sa ake girmama Montand har yau shi ne bai tsaya yana kare wannan tafiya har abada ba. Ta ci gaba da cin ransa. Da tankokin Sobiyet suka shiga Prague a 1968 ya yanke hulɗa da gurguzu baki ɗaya, abin da ya raba shi da yayansa Julien, jigo a ƙungiyar ƙwadago ta CGT, na tsawon shekaru.

Amsarsa ta haƙiƙa ta zo ne a 1970, a fim ɗin L'Aveu na Costa-Gavras, wanda suka yi Z tare shekara guda kafin nan. Ya fito a matsayin Artur London, mataimakin ministan harkokin wajen Chekoslobakiya, wanda 'yan jam'iyyarsa suka kama, suka hana shi barci, suka gana masa azaba har ya amsa laifin da bai yi ba. A shari'ar da aka yi masa tare da wasu a 1952 an gurfanar da mutum 14, aka rataye 11. London na cikin ukun da suka tsira da ransu. Montand ya hana kansa abinci har ya rame ƙangayau don wannan rawa, Signoret kuma ta fito a matar fursunan. L'Humanité ta yi wa fim ɗin kaca-kaca. Duk wanda ya kalli fuskarsa a wuraren tuhuma zai gane ba kuɗi ne kaɗai ya kawo shi ba.

Sauran shekarun sun tafi da sauri. Ya yi wasa don tallafa wa 'yan gudun hijirar Chile a 1974, ya goyi bayan ƙungiyar Solidarność ta Foland, har aka yi ta raɗe-raɗin zai nemi shugabancin Faransa. Signoret ta rasu a 1985. A 1986 ya fito a dattijo mai makirci a Jean de Florette. Ya rasu ranar 9 ga Nuwamba 1991 a Senlis, yana dab da kammala ɗaukar fim ɗin IP5, aka binne shi kusa da matarsa a maƙabartar Père Lachaise. A Maris 1998 kotu ta sa aka tono gawarsa don gwajin ƙwayoyin halitta, saboda wata mata da ta ce shi ne mahaifinta. Sakamakon ya nuna ba shi ba ne.