Daga Mangalar Jaki Zuwa Ruwan Jakara: Yadda Takin Gari Ya Sauya

Maudu'inmu na wannan mako shi ne taki.

Tun kaka da kakanni, ƙasar Hausa ba ta san zubar da dattin gari a banza ba. A karkarar Kano a da, da rani jakuna kan shiga birni da itace, su fito da mangala cike da juji zuwa gonaki. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan tsari a shekarun 1960, ya nuna cewa shi ya sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba. Jujin wancan lokaci toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Ko majema da bagaruwa suke jima.

Sai masana'antu suka zo Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. Kamfanonin fata suka koma jima da sinadarin kuromiyam, ruwan Bompai ya bi rafin Getsi ya haɗe da Jakara, wanda dama shi ke kwashe kwatamin birni. A bakin ruwan nan ake noman latas da kabeji da alayyafo da karas. Manomi kuwa bai yi wauta ba: ruwa ne da ba ya yankewa da rani, ga taki a cikinsa kyauta. Masu bincike daga jami'o'inmu sun sha auna ƙasar da ganyen, suna samun dalma da kadmiyam da kuromiyam.

Matsalar waɗannan ƙarafa ita ce ba sa ruɓewa. Saiwa ke zuƙe su zuwa cikin ganye, don haka wanki ba ya fitar da su, dahuwa ma haka. Kadmiyam ƙoda da ƙashi yake ci a hankali. A Japan sai a 1968 gwamnati ta amince shi ne sanadin ciwon itai-itai, bayan manoman kogin Jinzu sun shafe shekaru suna cin shinkafar da aka shayar da ruwan ma'adinai. Dalma kuwa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, duk da cewa can ƙurar zinare ce.

Mu a Barkiya da Kurfi da lambunan dam ɗin Zobe ba mu da kamfanin jima. Amma buhun takin zamani ya yi tsada, mun koma kwasar bolar gari da laƙar kwata. Bolar yau akwai mataccen batir, da tokar leda da taya, da baƙin man gareji, kuma ba mu san mai auna ta kafin a zuba wa tumatir ba.