Jami'ar Jezuwit ta San Salbador: Bincike Tsakanin Imani da Adalci (1965-1989)

A shekarar 1965 limaman Katolika na ƙungiyar Jezuwit suka buɗe jami'a a San Salbador, babban birnin ƙasar Salbador da ke Amurka ta Tsakiya, wadda aka fi sani da gajeren sunanta UCA. Masu hannu da shuni da suka goyi bayan kafa ta sun sa ran za ta tsare ƴaƴansu daga ra'ayoyin gurguzu da suka yi ƙarfi a jami'ar gwamnati. Amma abubuwa uku sun sauya mata alƙibla: babban taron Batikan na biyu (1962-1965), da taron bishof-bishof na Latin Amurka a Medelin a 1968, da babban taron Jezuwit na 32 (1974-1975), wanda ya yanke cewa hidimar imani ba ta cika sai da neman adalci.

Tambayar da ta taso ita ce, ta wace hanya jami'a za ta nemi adalci ba tare da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ba? Amsar Ignasiyo Elakuriya, masanin falsafa da ya zama shugabanta a 1979, ita ce ta hanyar aikinta na asali, watau bincike, amma a mai da halin da talakawan ƙasa suke ciki babban abin nazari. Tun 1976 aka ga kuɗin wannan matsayi. Da gwamnati ta janye shirin rabon gonaki saboda matsin manyan masu filaye, mujallar jami'ar, ECA, ta soke ta, sa'an nan aka tayar da bama-bamai a harabar makarantar.

Cikin yaƙin basasa (1980-1992), wanda ya ci rayuka wajen 75,000, aikin ya ƙara faɗi. A 1985 Segundo Montes ya kafa cibiyar haƙƙin ɗan Adam, ya kuma yi nazari kan ƴan gudun hijira da kuɗin da suke aikowa gida daga Amurka. A 1986 Ignasiyo Martin-Baro ya kafa cibiyar jin ra'ayin jama'a. Dalilinsa kuwa shi ne, gwamnati da ƴan tawaye kowa yana magana da sunan talaka, alhali ba wanda ya tambaye shi. Alƙaluman suka nuna yawancin mutane sulhu suke so.

Ran 16 ga Nuwamba 1989, da asuba ba ta yi ba, sojojin bataliyar Atlakatal suka shiga jami'ar suka harbe limamai shida, har da waɗannan ukun, tare da mai dafa musu abinci da ƴarta. Kisan ya girgiza majalisar Amurka, wadda ta rage taimakon soja a 1990, ya kuma gaggauta shawarwarin da suka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Janairu 1992. A 2020 wata kotu a Sifen ta yanke wa tsohon kanar Inosente Montano ɗaurin shekara 133.

Abin lura ga masu bincike shi ne, imani ya zaɓar wa waɗannan malamai tambayoyinsu, amma amsoshin daga ƙidaya da hira da mutane suka fito. Da sun karkatar da alƙaluma don daɗaɗa wa wani ɓangare, da ba wanda ya gaskata su, ba kuma wanda ya ji tsoronsu.