BABI NA UKU: TARIHIN SAMAR DA MAGANI GA TALAKA A ƘASAR IKARA DA MAKARFI DA KUDAN

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani game da yanayin ƙasa da sana'o'in mutanen Ikara da Makarfi da Kudan. A wannan babi kuwa za a waiwayi yadda hukuma ta riƙa samar wa waɗannan mutane magani, tun daga zamanin En'e har zuwa shekarun nan. Abin da ake son ganowa shi ne dalilin da ya sa mutumin ƙauye kamar Furana yakan sami ginin asibiti kusa da shi, amma ya fito da 'yar takarda a hannu maimakon magani. A ra'ayin mai wannan nazari, ba tsari aka rasa ba, domin kuwa an yi tsare-tsare har sun yi yawa. Matsalar ita ce abin da gwamnati kan sa a gaba idan ta zo rabon kuɗi.

3.1 Daga Disfensaren En'e Zuwa Tsuke Bakin Aljihu

A zamanin mulkin Turawa, En'e ta Zazzau ce ke gudanar da disfensare a manyan garuruwan hakimai, kuma daga baitulmali ake biyan ma'aikata da sayen magani, wato daga kuɗin haraji da jangali. Maganin ba shi da yawa, bai wuce irin su kwinin da aidin da maganin gyambo ba, amma akan ba da shi kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ciwonsa ya yi tsanani sai a ɗauke shi zuwa Zariya ko asibitin mishan na Wusasa.

Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin tarayya ta fito da shirin kiwon lafiya na matakin farko a cikin tsarin raya ƙasa na uku, 1975 zuwa 1980. An tsara cewa kowane yanki mai mutum 150,000 zai sami babbar cibiya ɗaya da matsakaita huɗu da ƙananan asibitoci ashirin. Kuɗi masu yawa sun tafi wajen gini da sayo na'urori, wasu gine-ginen ma ba a kammala su ba. Daga nan ne za a iya cewa ɗabi'ar fifita bulo a kan ƙwaya ta samo asali. Farashin mai na faɗuwa, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da magani ya yi wuya. Har ma a jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Birgediya Sani Abacha ya kawo rashin magani a asibitoci cikin hujjojin soja na karɓe mulki.

3.2 Shirin Bamako da Asusun Jujjuya Magani

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a tarihin da ake bi, saboda haka za a ɗan tsaya a kansa. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP, aka karya darajar naira. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin hukuma, amma zuwa 1993 ta kai kimanin naira 22. Tun da yake galibin maganin da ake sha a Nijeriya daga waje ake kawo shi, ko kuma kayan haɗa shi, kowace faɗuwar naira sai ta bayyana a kan teburin mai kemis.

Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe muƙamin daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari ƙwarai. A zamaninsa aka fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka ɗora kiwon lafiya na matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, aka kuma kafa Doka ta 43 ta 1989 wadda ta tanadi jerin muhimman magunguna. Tunanin jerin ya fito ne daga Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fitar da nata na farko a 1977: a zaɓi magunguna kaɗan masu araha da ke warkar da cututtukan da suka fi damun jama'a, a saye su da sunansu na asali, ba da sunan kamfani ba.

To, amma wa zai biya? Amsar ta fito daga birnin Bamako na ƙasar Mali, inda ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a watan Satumba 1987 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Aka amince a ba kowane ƙaramin asibiti jarin magani, ya sayar da 'yar riba, kuɗin da aka samu a sake sayo wani maganin, kwamitin mutanen gari yana sa ido. A takarda abin ya yi kyau. Sai dai idan aka lura, ma'anarsa ita ce gwamnati ta ba da magani sau ɗaya, daga nan talaka ya ci gaba da ɗaukar nauyi.

Bari a kawo misali don a fahimci yadda irin wannan asusu yake mutuwa. A ce an ba asibiti maganin naira dubu goma, ya sayar ya sami dubu goma sha biyu. Kafin a je sayo sabo naira ta faɗi, abin da aka saya dubu goma jiya ya koma dubu goma sha biyar. Ga shi kuma an ba wasu bashi, an yafe wa marayu da gajiyayyu ba tare da wani ya cike gurbin ba, an ranci wani abu daga asusun an sayi kananzir na firjin allurar riga-kafi. Zagaye uku ko huɗu kawai, sai a tarar kwali ya zama fanko, ko da kuwa ba wanda ya saci ko kwabo. Inda aka sami hannu mai ƙaiƙayi, abin ya fi haka sauri.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi manomi kai tsaye. Mutanen wannan yanki suna samun kuɗi ne da kaka da rani, lokacin da ake girbin masara da dawa, ake saran rake ana dafa mazarƙwaila a ƙasar Makarfi da Kudan, ake kuma fitar da tumatir a ƙasar Ikara. Zazzaɓin cizon sauro kuwa da marka yake tsananta, wajen Agusta da Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ke hannu ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago. Asusun jujjuya magani yana neman kuɗi hannu a watan da babu kuɗin. Shi ya sa maigida kan sayar da akuya a wulaƙance, ko ya nufi kemis a yanka masa rabin kati gwargwadon abin da ke aljihunsa, yaro ya sha ya ɗan ji sauƙi, ciwon ya dawo. A wannan giɓi ne jabun magani ya sami kasuwa. A 1990 gurɓataccen ruwan farasitamol ya kashe yara fiye da ɗari a Jos da Ibadan, abin da ya taimaka wajen kafa hukumar NAFDAC a 1993.

3.3 PTF da Mulkin Farar Hula

A watan Oktoba 1994 gwamnatin Abacha ta ƙara kuɗin man fetur daga naira 3.25 zuwa naira 11, ta kafa asusun PTF a ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari don a yi aiki da rarar. Samar da magani yana cikin ayyukansa, kuma dattawa da dama har yau suna tuna ƙwayoyi masu tambarin PTF. Amma shi ma a kan tsarin jujjuyawa aka gina shi, kuma daga sama aka sauko da shi. Obasanjo na rushe PTF a 1999, kantocin asibiti suka sake komawa yadda suke.

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya, wadda ta karɓi baƙuncin taron, a yawancin shekaru ba ta wuce kashi huɗu zuwa shida ba. A daidai lokacin kuma ɗan wannan yanki, Ahmed Mohammed Makarfi, ne gwamnan Jihar Kaduna, daga 1999 zuwa 2007. Wanda ya gaje shi, Namadi Sambo, ya fito da shirin magani kyauta ga mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2007. Da wannan shiri hukuma ta amince cewa akwai waɗanda bai kamata a nemi kuɗi a hannunsu ba, ko da yake kyautar ba ta da amfani a ranar da kaya suka yanke. Bugu da ƙari, tun 2005 aka daina dogaro da kulorakwin saboda zazzaɓi ya daina jin sa, aka koma ga sabon haɗi wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

3.4 Shekarun Baya-bayan Nan

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na matakin farko, kashi 20 na wannan kuma ya tafi ga magani da alluran riga-kafi. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A Kaduna, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ɗauki aikin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255, sannan a 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magani da jirage marasa matuƙi daga Pambeguwa a ƙaramar hukumar Kubau, maƙwabciyar Ikara. Wannan ya rage wahalar hanya, amma bai taɓa farashi ba.

Game da fifiko kuwa, shekarar 2022 ta isa misali: tallafin man fetur ya ci fiye da naira tiriliyan huɗu, alhali kasafin lafiya na tarayya bai kai tiriliyan ɗaya ba. Da aka janye tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa ta kai tsaye a ƙasar, farashin magani ya ninka. A watan Yuni 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin ɗauke haraji daga kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Kafin wannan tashin farashi ma, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa.