Ladabin Ɗakin Duhu

Tun da na ajiye alli na dawo gida Jimeta, ba abin da ke sosa mini rai kamar samarin ɗaliban ilmin haske da ke zuwa gaishe ni, su buɗe kwamfuta su nuna mini hasken molekul guda tak, suna alfahari, alhali babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama a ɗakin duhu har idonsa ya washe.

Mu kuwa, tun kafin a kafa Jami'ar Fasaha ta Yola a 1981, malaminmu, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda almajiri ya kai ido ga madubin awo sai an toshe ƙasan ƙofa da tsumma, an zauna rabin sa'a cikin zafin watan Maris, gumi na ɗiga a kan takarda. Sa'an nan ya kunna fitilar sodiyam, wadda takan fara da ja kafin ta rikiɗe rawaya, ya umarce mu mu rarrabe masa layukan nan biyu, na nanomita 589.0 da na 589.6, waɗanda mai gaggawa yake gani ɗaya. Ran da wuta ta ɗauke, gishirin miya ake barbaɗawa a harshen wuta, darasi ya ci gaba. Hujjarsa kullum Ibnul Haisam ne, mai Kitabul Manazir, wanda shi ma a ɗaki mai duhu ya yi tahakikinsa.

Saboda haka da labari ya iso mana cewa Orrit da Bernard sun ga ƙyallin molekul guda a Bodo ta Faransa a 1990, mun san sirrin nasararsu, watau kawar da duk wani haske baƙo. Haka kuma Wilson Ho da abokansa a Kaliforniya, a 2003, da yake ƙarfe yana shanye hasken molekul ɗin da ke kwance kansa, sai da suka raba su da siririn ɓawon alminiyam oksid, kafin lantarkin da ke tsallakowa daga tsinin allurar na'urarsu ya sa molekul ɗin haskawa, matsatsin da ke tsakanin tsinin da ƙarfen yana daɗa masa ƙarfi.

Samarin nan sun haddace wannan duka, har sun fi ni sanin lissafinsa, ina kuwa yaba musu. Amma in na tambaye su abin da na'urarsu ke karantawa idan an kashe fitila, sai su dubi juna, su ce ai kwamfuta ce ke cire wannan.