Lissafin kromosom ba ya tabbatar da asalin dawa

Tun rabon da Garber (1950) ya yi wa dangin Sorghum ake maimaita wani zance: tunda dawa na da kromosom 20, wasu ciyayi danginta irin su Sorghum versicolor kuma 10, to dawa ninkin waɗancan ce, su ne kakanninta. Lissafin yana da daɗin ji, amma a ganina an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta Gómez da abokan aikinsa (1998). Sun ga wata alama ta fito sosai a kan kromosom 10 cikin 20 na dawa, suka ce ke nan gida biyu ne suka haɗu. Ba za a raina aikin ba. Sai dai alamar tana bin maimaitaccen DNA ne na tsakiyar kromosom, wanda kan yawaita ko ya ragu cikin sauri, don haka bambancin na iya samuwa ba tare da an yi wani ninki ba. Ko da ma an yi, wa ya ce masu 10 ɗin ne iyayen? Awon Price da abokansa (2005) ya nuna kromosom ɗinsu manya ne. Versicolor mai 10 ta kusa ninka dawa mai 20 yawan DNA. Ta yaya rabi zai fi cikakke?

A nan zan taƙaita da'awata. Ban ce ba a taɓa ninki ba: jerin DNA na dawa da aka wallafa a 2009 ya nuna tsohon ninki, na kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wanda shinkafa ma ta gada. Abin da na musa shi ne a mai da yawan kromosom ma'aunin zumunci. Masara ma 20 gare ta, kuma ana nomanta kusa da dawa ba su barbari juna ba.

Ƙaura da farafarar da ake nomawa a Babura da Roni, bisa rabon Harlan da de Wet (1972), jinsi ɗaya ne da dawar daji, verticilliflorum, mai 20, kuma suna haɗuwa da ita cikin sauƙi. Masu inganta iri a Samaru da cibiyar ICRISAT ta Kano, in suna neman juriya ga fari ko wuta-wuta, wannan ce 'yar'uwa ta kusa. A fara tattara ta daga bakin fadamu kafin noma ya cinye su.